Adon Zaure da Ganye Maimakon Fure

Bayani ga Hakimai da Magatakardansu na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum

An rubuta wannan 'yar takarda ne domin hakimai da malamansu, waɗanda nauyin karɓar baƙi ya ke wuyansu. Duk wanda ya yi aikin fada ya san abin da a kan yi in takarda ta zo cewa babban baƙo yana tafe, ko Salla ta gabato, ko za a yi naɗin sarauta. A share zaure, a yayyafa ruwa, a shimfiɗa tabarmi da darduma. Sa'an nan sai wani ya ce, "Ranka ya daɗe, saura ado." Daga nan ɗayan abu biyu ke faruwa. Ko dai a aika Gusau ko Sakkwato a sayo furen roba da tsada, wanda bayan wata guda ya zama matattarar ƙura, ko kuwa a saki yara su hau itatuwan gari suna karya rassa yadda su ka ga dama.

Na taɓa zuwa wani gari kwana uku bayan an yi irin wannan taro. Na tarar da darbejiyoyin bakin hanya duk an yi musu ƙwal, rassan da a ka karya kuwa suna zube bayan ganuwa sun bushe. Baƙon bai yi sa'a biyu a garin ba, amma inuwar da a ka ɓata sai da ta ɗauki damina biyu kafin ta komo. Garin neman gira an rasa ido.

Nufinmu a nan shi ne mu nuna yadda za a ƙawata zaure, ko ofis, ko ɗakin majalisa, da ganyen itatuwanmu, ba tare da an kashe kuɗi ba, ba tare da an cuci itacen ba, ba kuma tare da an shigo da wata cuta cikin gida ba.

1. Abin da ya sa ganye ya fi fure a ƙasarmu

Fure abu ne mai rauni, ba ya jure zafi. Ƙasar Kenya tana noma furen wardi a bakin tafkin Naibasha, tana aikawa da shi kasuwar Holan ta jirgin sama, amma tun daga gona har kanti cikin sanyi a ke riƙe shi. A Nijeriya ma a kan tudun Jos ne a ka fi samunsa, saboda sanyin wurin. Mu kuwa a watan Afrilu ma'aunin zafi ya kan wuce 40. Furen da a ka tsinka da hantsi, kafin azahar ya sunkuyar da kai.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi. Furen itatuwanmu abinci ne da bai nuna ba tukuna. Tutun ɗorawa shi ne kalwa, kalwa ita ce daddawa. Furen mangwaro shi ne mangwaron bazara, furen kaɗanya shi ne man kaɗe, kuma daga cikinsu duka ƙudan zuma ke ɗiba. Wanda ya tsinke fure don adon yini ɗaya ya taɓa tukunyar wani. Ganye kuwa, in an yanke shi bisa ƙa'ida, itace ya kan mai da shi.

Kada a ɗauka wannan dabarar marasa hali ce. A Ingila da hunturu, sa'ad da fure ya ke ƙaranci, da rassan itatuwa masu kore su ke ƙawata ɗakuna. A Indiya a kan jera ganyen mangwaro a zare a rataya bisa ƙofa ranar biki. Mutanen Japan suna da wani ilmi da su ke kira ikebana, wanda su ke koyarwa tun ƙarni na 15, kuma a wurinsu reshe guda mai kyan tanƙwasa yana iya cika ɗaki.

2. Ganyen da ya dace

Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: ganye mai kauri da sheƙi ya kan daɗe, ganye mai laushi da ƙanana ya kan yi saurin yaushi. A taɓa shi da hannu. In ya yi kama da fata, zai yi. In ya yi kama da yadin alawayyo, a bar shi.

Mangwaro shi ne kan gaba, domin yana kusan kowane gida kuma ba ya kaɗe ganye da rani. Sai dai a ɗauki tsohon ganye mai duhu, a ƙyale jan tofon nan, don ko sa'a guda ba ya yi. Kanya, wadda a nan a ke kira kaiwa, ganyenta yana da duhu da sheƙi. Durumi da ceɗiya da gamji suna da kyau ƙwarai, ganyen gamji guda uku ma sun isa tulu. Ganyen lemu yana da ƙanshi. Itacen turare, wanda asalinsa daga Ostareliya ne, rassansa suna saukowa kamar jelar doki, kuma masu sayar da fure a ko'ina cikin duniya suna amfani da danginsa.

Cikin na gona, sabara ta fi kowa. Ganyenta fari-fari ne kamar an barbaɗa masa toka, yana haskaka duhun mangwaro in an haɗa su. Ga shi kuma manomi yana sassabe ta kowace shekara tana sake tohowa, saboda haka yankanta ba asara. Haka kalgo, mai ganye kamar sawun raƙumi, wanda ko ya bushe ba ya sake siffa. Geza kuwa da kaka ta wuce ganyenta ya kan juya ja, ya ba da launin da a ke nema wurin fure.

Akwai waɗanda ba su bukatar ruwa ko kaɗan. Kaba ta goruba, in an gyara bakinta da almakashi ta zama kamar mafici, ta kan yi watanni. Haka kan gamba da na kyasuwa, da zangarniyar gero da ta dawa. A ɗaure su a rataya kai ƙasa cikin inuwa har su bushe, sa'an nan a tsayar da su cikin tulu busasshe. A nisanta su da fitila da kaskon wuta.

Waɗanda ba su da amfani a nan su ne darbejiya da tsamiya da zogale. Darbejiya, ko dogon yaro, ita ce yara su ka fi karyawa don ita ce a kusa, alhali kuwa ganyenta na cikin masu saurin yaushi. Tsamiya tana zubar da ƙananan ganyenta bisa tabarma. Zogale kuma wurinsa tukunya.

Akwai kuma waɗanda a ke so a bari don girman amfaninsu. Gawo yana fid da ganye da rani sa'ad da sauran itatuwa su ka kaɗe, shi ne abincin dabbobi a lokacin wahala. Maɗaci ya riga ya sha sara wurin makiyaya da masu katako da masu magani, ya ragu ƙwarai. Kaɗanya kuwa a bakin reshe ta ke 'ya'ya, wanda ya yanke bakin ya yanke 'ya'yan.

3. Waɗanda ba a shigowa da su ɗaki

Zauren hakimi ba ya rabuwa da yara, ganyen da a ka zubar kuma awaki ke ci. Saboda haka kada a kuskura a yi ado da waɗannan, kome kyansu.

Kariya tana fure ja mai ban sha'awa tsakiyar rani, amma ruwanta dafi ne. Tumfafiya da tinya, nononsu in ya shiga ido yana ƙona shi. Bini-da-zugu da zurma, 'ya'yansu suna jan hankalin yaro, kuma guba ne. Zaƙami yana gusar da hankali. Samberu kuwa kowane makiyayi ya san ganyensa yana kashe dabba. In malami bai san sunan itace ba, ya tambayi tsofaffi ko malamin daji kafin ya sa wuƙa.

4. Inda ba a yanka: darasin Duza

Wannan sashe shi ne ya fi muhimmanci ga ƙasarmu, muna roƙon a karanta shi da natsuwa.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF su ka lura yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da a ka bincika sai a ka gane gubar dalma ce. Dutsen da a ke haƙowa don neman zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa. An riƙa kawo shi cikin gidaje ana dakawa, ana niƙawa, ana shanyawa a tsakar gida, ƙurarsa ta bi ƙasa da bango da kwanuka. Yara fiye da 400 su ka rasu, yawancinsu ba su kai shekara biyar ba. Allah ya ji ƙansu. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Duza da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Sai da a ka kankare ƙasar gidaje a ka binne ta, a ka zubo sabuwa. An yi wa ƙauyuka bakwai wannan aiki a 2010 da 2011, Bagega kuwa sai a 2013.

Ba adon ganye ya jawo wannan masifa ba. Amma darasinta ya shafe shi, domin ganye matattarar ƙura ne. Kowa ya shafa ganyen mangwaro da hunturu ya ga abin da ya maƙale a yatsansa. Ƙurar dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba a bambanta ta da sauran ƙura da ido, kuma ba ta ruɓewa a ƙasa kome daɗewa. Yaro mai rarrafe yana taɓa ƙasa ya kai hannu baki, jikinsa kuma ya fi na babba saurin shan dalma. In ba ta kashe shi ba tana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa har abada. Gidan da a ka sha wahalar tsarkakewa, bai kamata a mai da masa ƙura da hannunmu da sunan ado ba.

Saboda haka, a duk inda a ke aikin zinariya a kiyaye abu uku. Na ɗaya, kada a yanki reshe kusa da injin niƙan dutse, ko wurin wanki da shanya, ko ramin da a ka binne tsohuwar ƙasa. Na biyu, yashi da tsakuwar da za a zuba cikin tulu don riƙe rassa kada a ɗebo su daga tarin dutsen ma'adini, ko daga kududdufin da a ke wanke shi. Haka kuma kada a yi amfani da kwano ko buhun da ya taɓa ɗaukar dutsen. Na uku, kowane reshe, daga ko'ina ya fito, a wanke shi a waje kafin ya shiga zaure, a zubar da ruwan nesa da rijiya da wurin wasan yara, mai wankin kuma ya wanke hannu da sabulu.

Wani abu kuma. Kowa ya san halin rashin tsaro da dazuzzukanmu su ke ciki a shekarun nan. Babu adon da ya kai ran ɗan mutum. Kada a aiki kowa daji neman ganye. Abin da ke cikin gari da gonakin bakin gari ya isa.

5. Yadda a ke yanka

A yi yanka da sassafe bayan sallar asuba, lokacin da ganye ya ƙoshi da ruwan dare. A tafi da bokiti mai ruwa, reshe na faɗuwa a tsoma gindinsa. A yi amfani da wuƙa mai kaifi. Karyawa da hannu tana ɗaye ɓawo, ta bar rauni mai faɗi inda ruɓa da gara za su shiga.

A nemi iznin mai itace. A zaɓi ƙananan rassan gefe, waɗanda kaurinsu bai wuce yatsa ba, tsawonsu ƙafa biyu zuwa uku. A fi son reshen da ya shiga cikin ɗan'uwansa, ko ya sauko bisa hanya, ko ya dogara da katanga, domin cire irin wannan gyara ne ga itacen. A yanke dab da mahaɗa, amma a bar ɗan kumburin nan da ke gindin reshe, don daga nan ne ɓawo ke rufe rauni. Kada a taɓa kan itace. Kada a taɓa dashen da bai wuce tsayin mutum ba. Kada a ɗebi fiye da rassa uku ko huɗu daga itace guda. In ana son goma sha biyu, a zaga itatuwa huɗu.

6. Shayar da reshe

Cikin kowane reshe akwai 'yan hanyoyi sirara, sun fi gashi ƙanƙanta, waɗanda ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Ganye yana fitar da ruwa cikin iska kullum, wannan ne ke jawo wani daga ƙasa. Da an yanke reshe sai iska ta shiga bakin hanyoyin ta toshe su. Shi ya sa a kan ga reshe tsaye cikin ruwa amma yana mutuwa da ƙishirwa.

Maganin abin da sauƙi. In an komo gida a sake yanke inci guda daga gindin, a karkace kamar fiƙar alƙalami, in da hali a yi yankan cikin ruwa. In reshen mai tauri ne a tsaga gindin inci guda. A zage duk ganyen da zai nutse, domin ganye cikin ruwa ruɓewa ya ke yi, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi kuma su toshe hanyoyin, ruwan ya yi ɗoyi. Masu nono, watau durumi da ceɗiya da gamji, a tsoma gindinsu cikin tafasasshen ruwa gwargwadon ƙirga talatin, don nonon ya tsaya. Sa'an nan a ajiye bokitin cikin inuwa mai sanyi daga safe zuwa la'asar, ko ma ya kwana. In baƙo zai zo ran Alhamis, a yi yanka ran Laraba.

7. Mazubi da jeri

Ba sai an sayi kome ba. Tulu ya fi kwalba, domin yana sanyaya ruwa, ga nauyi, iska ba ta ka da shi. Amma yana tsatsafo, sai a ɗora shi bisa kasko don kada ya jiƙa daɓe. Ƙaramar randa ta dace da babban zaure. Buta ta tagulla, ko gora, ko shantu, sun dace da teburin malami. In bakin mazubi ya yi faɗi, a gicciya 'yan karare biyu ko uku a bakin su riƙe rassan.

A fara da rassa uku: dogo, da matsakaici, da gajere. Dogon ya yi tsayin tulun sau ɗaya da rabi, a tsayar da shi a baya. Matsakaicin ya kai kashi biyu cikin uku na dogon, ya karkata gefe guda. Gajeren ya karkata ɗaya gefen, ya ɗan leƙo gaba. Sa'an nan a cike tsakani da biyu ko huɗu. Manyan ganye masu duhu su zauna ƙasa kusa da baki, sirara masu haske su hau sama. Misali: kaba guda a baya, mangwaro biyu a tsakiya, sabara a gefe, jar geza a gaba. Kada a cusa da yawa har ya zama kamar dammin itacen wuta. A ja da baya taku biyar a duba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

A tuna mutanenmu bisa tabarma su ke zama. Abin da a ka ajiye tsakiyar zaure zai shiga tsakanin hakimi da mai kawo ƙara, ya hana a ga juna. Wurinsa kusurwa, ko gefen ƙofa daga ciki, ko cikin alkukin da a ka daina sa wa fitila. A nisanta shi da hasken rana da bakin taga mai iska. Tulu biyu sun ishi zaure, ɗaya ya ishi ofis.

8. Ruwa da sauro

Tulu mai ruwa a kusurwar ɗaki, in an manta da shi, gidan sauro ne. Akwai wani sauro baƙi mai zanen fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ya fi son ruwan tukwane na cikin gida. Shi ke ɗaukar ciwon shawara. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne a lokacin zafi. Yana manna ƙwansa a jikin tukunya daga ciki, kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe.

Don haka a sake ruwa kowane kwana biyu, da bazara kuwa kullum. Zubarwa kaɗai ba ta isa ba, sai an goge cikin tulun da soso. Duk sa'ad da a ka sake ruwa a ɗan rage gindin rassan. Wanda ya san ba zai iya wannan ba, ya cika tulun da yashi mai tsabta, ya jiƙa shi yadda ruwa ba zai kwanta a sama ba, ya soka rassan a ciki. Ba za su daɗe kamar na ruwa ba, amma sun isa taron yini. Ko kuwa ya tsaya ga kaba da gamba. In ado ya gama aikinsa a fitar da shi, a wanke tulun, a kife.

9. Abin da a ke so hakimi ya yi

Na farko, ya danƙa wannan aiki ga mutum guda cikin fadawa ko malamai, wanda zai koyi ƙa'idodin nan, ya zama shi kaɗai ke yanka. Na biyu, in ana shirin taro ya sa a yi shela cewa ba a yarda yara su karya itatuwan hanya da na kasuwa da na makaranta ba. Na uku, ya karanta wa dagatai da masu unguwa sashe na 3 da na 4, musamman a ƙauyukan da a ke aikin zinariya.

Na huɗu, ya yi shuka. Jihar Zamfara tana cikin jihohi 11 na Arewa da a ka sa cikin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa don tare hamada, kuma bai dace a ce ana dashe a wani gefe ana karyawa a ƙofar fada ba. Durumi da ceɗiya ba su bukatar iri: a sari reshe mai kaurin damtse da farkon damina, a kafa shi a rami, a kewaye da ƙaya saboda awaki, zai kama. In hakimi ya kafa biyu a ƙofar gidansa, ya ƙara da mangwaro da lemu a bayan gida, cikin 'yan shekaru magatakarda ba zai wuce taku ashirin ba wajen neman ganye, masu jiran shiga fada kuma su sami inuwar zama.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Baƙon kirki ba zai ƙirga rassan da ke cikin tulu ba, amma zai lura da zaure mai tsabta da sanyi, zai kuma lura da itatuwan da ya wuce a hanya. Mai neman ƙarin bayani game da yanka ko dashe ya tuntuɓi malamin daji na ƙaramar hukumarsa. Game da dalma da sauro kuwa, malamin tsabta ko asibiti mafi kusa.

Allah ya ja zamanin sarakunanmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.